Yaushe ya kamata a hawo da matashin ɗan wasa babbar gasar besbol?

DanTasi_Chicago:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya na ɗauko wani dattijo daga filin jirgin O'Hare, da hular Cubs, kulob ɗin besbol na nan Chicago, a kansa. Tun daga bakin filin muka kama gardama har ƙofar gidansa, ba wanda ya kayar da wani. Shi cewa yake kulob ɗin da ya san ciwon kansa ba ya hawo da yaro MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, sai ya nuna sarai a ƙananan lig, ko da duk gari na kiran sunansa. Ni kuma na ce masa wannan "bai nuna ba" ɗin yawanci ƙarya ce, lissafin kuɗi ake lulluɓewa da ita. Na ba shi misali da Kris Bryant a 2015. Ina garin nan lokacin, rediyon motata ba ta da wata magana sai tasa. Yaro ya buga hom-ron 9, wato bugun da ke tsallake katangar fili, a wasannin share fage, ya fi kowa, amma aka ce ya koma ƙaramin kulob ɗin Cubs na Iowa ya gyara tsaron gida. Kwana 12 da fara kaka sai ga shi an kira shi, ranar 17 ga Afrilu. Wane tsaron gida ake koyo a kwana 12?

To ga tambayata: yaron da kowa ya yarda tauraro ne, yaushe ya dace a hawo da shi? Da zarar ya fi ƙarfin na ƙasa, ko sai kulob ya gama lissafinsa?

Sabo_Fagge:
Wa alaikumus salam. Ku yi mana uzuri, mu 'yan ƙwallon ƙafa ne, a bidiyo kawai muke leƙen wasan nan. Me kwana 12 zai ƙara wa kulob ko ya rage masa?

Injiniya_Houston:
Malam Sabo, a nan duk maganar take. Daga ranar da aka sa ɗan wasa cikin jerin babban kulob, agogonsa ya fara tafiya. Kwana 172 shi ake ƙirgawa shekara ɗaya, kaka kuwa tana da kwana 180 da 'yan kai. Sai ya cika shekara shida cif kafin ya samu 'yancin zuwa duk inda aka fi taya shi. A shekaru ukun farko kulob ne ke yanka masa albashi, galibi kusa da mafi ƙanƙanta. A ukun baya yana da damar kai maganar albashi gaban mai sasanci.

To Bryant ya ƙare 2015 da kwana 171. Ɗaya tak ya rage. Saboda wannan kwana ɗayan, maimakon ya fita kasuwa bayan kakar 2020, sai bayan 2021. Ka ga kulob ya sayar da mako biyun yaro mai shekara 23, ya sayi kaka guda ta gogaggen ɗan wasa mai shekara 29. Ƙungiyar 'yan wasa ta kai ƙara, aka yi ta jan ƙafa har farkon 2020, mai sasanci ya ba Cubs gaskiya.

Sabo_Fagge:
Ikon Allah. Ashe irin na ubangidan kasuwa ne, yaro ya isa sallama a ce masa bari a ga bayan sallah.

Hajiya_Atlanta:
Haka Braves suka yi wa Ronald Acuña Jr. a 2018, sai 25 ga Afrilu aka kira shi, kuma duk da haka shi ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa. Kowa a garin nan ya san dalili, har yaran makaranta.

Abu_Lissafi:
Ni dai bari in tsaya a bayan dattijon nan tunda ba ya nan. Idan kai ne shugaban Cubs na lokacin, Theo Epstein, aka ce maka ka haƙura da wasa takwas cikin 162, a ba ka shekara guda ta ɗan wasan da zai iya zama gwarzon lig, me za ka yi? Wanda ya ƙi wannan cinikin korarsa ya kamata a yi. Doka ce aka rubuta, 'yan wasa da kansu suka sa mata hannu. Kuma me aka rasa? Bryant ya ci kyautar sabon ɗan wasa a 2015, ya ci ta gwarzon lig a 2016, Cubs suka ɗauki kofin da rabonsu da shi tun 1908.

DanTasi_Chicago:
Abu, ka manta yadda 2015 ta ƙare. Cardinals sun ci wasa 100, Pirates 98, Cubs 97. Wasa ɗaya ne tsakaninmu da Pirates, shi ya sa muka je gidansu buga wasan ɗaki-bari, wanda ya faɗi ya fita daga neman kofi. Wasan Afrilu da na Satumba nauyinsu ɗaya a teburi.

Abu_Lissafi:
Kuma kuka je gidan nasu Jake Arrieta ya hana su ko maki ɗaya, 4 da 0. Sai wata hujjar.

DanTasi_Chicago:
Sa'a ba ta mayar da kuskure daidai. Kuma shekarar da aka yi duk wannan dabarar dominta, me aka yi da ita? A Yulin 2021 suka tura shi Giants. Daga baya ya sa hannu da Rockies, shekara bakwai, dala miliyan 182. Tun ranar farko aka zubar da yarda tsakaninsa da kulob.

Baba_Zango_Bronx:
'Ya'yana, kuna ta maganar kuɗi, ba wanda ya yi maganar yaron. Shekara talatin da wani abu ke nan ina zaune inda nake jin ihun filin Yankees daga tagata. Na ga yaran da aka hawo da su suka tashi, na ga waɗanda aka hawo da su suka karye ba su sake miƙewa ba. Tsofaffin unguwarmu har yau suna ba da labarin David Clyde. A 1973 Texas Rangers suka ɗauke shi na farko a zaɓen 'yan wasa, yana shekara 18, daga sakandare kai tsaye suka sa shi jifa a babbar gasa, ko rana ɗaya bai yi a ƙasa ba. Me ya sa? Mai kulob na neman 'yan kallo, yaron kuma ɗan jihar ne. Fili ya cika maƙil ranar farko. Daga nan hannu ya fara ciwo, kai ya rikice, yana ɗan shekara 24 ya buga wasansa na ƙarshe a MLB. Wannan ma lissafin kuɗi ne, sai dai ta ɗaya gefen. Mangwaron da aka tsinka ɗanye, ko an binne shi a buhu ya yi ja, ba ya zaƙi.

Zee_Minneapolis:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma Clyde daban ne. Ba wanda ke cewa a ɗauko yaro daga aji. Muna magana ne a kan wanda ya riga ya gama da Triple-A, matakin ƙarshe na ƙananan lig, ba sauran abin da zai koya a can. Willie Mays a nan garin yake a 1951, yana buga .477, wato kusan rabin bugunsa na shiga, Giants suka kira shi. Ya je ya yi bugu 12 na farko bai samu ko ɗaya ba, har ya nemi a mayar da shi. Kocinsa Leo Durocher ya ƙi. Da an biye wa makon farko, da wa ya san abin da zai faru?

Baba_Zango_Bronx:
'Yata, kin faɗi gaskiya, amma ki lura da abin da ya cece shi: kocin da ya tsaya masa. Ba ranar kira ce kaɗai ba, wa zai riƙe shi idan ya faɗi? Anthony Volpe da muka fara kaka da shi a 2023, ya ƙare da .209, amma ba a ɗaga shi daga wurinsa ba, har ya ci kyautar tsaron gida. Ko hakan ya amfane shi, har gobe ana musu a shagon askin unguwarmu.

Injiniya_Houston:
Akwai abin da Zee ta taɓo da nake so in ɗan tsaya a kai. Wai "ya gama da Triple-A". Tazarar da ke tsakanin Triple-A da MLB ta fi ta kowane mataki biyu a ƙasa. A can, mai jifan da ke da ƙarfi yawanci ba shi da saiti, mai saiti kuma ba shi da ƙarfi. Wanda ya haɗa biyun ba ya zama a can, an riga an kira shi sama. Saboda haka yaro zai iya wata uku yana dukan ƙwallo kamar ganga, bai taɓa haɗuwa da mai jefa masa mai lanƙwasa sau uku a jere a daidai inda ba ya so ba. A sama kuwa kafin ya sauke jakarsa an gama nazarin bidiyonsa.

Jackson Holliday ke nan a 2024. Na ɗaya a jerin matasa, ɗan gidan Matt Holliday, a ɗakin sa kaya na manyan 'yan wasa ya tashi. Orioles suka kira shi ranar 10 ga Afrilu yana shekara 20. Bugu 34, biyu suka shiga. Aka mayar da shi Triple-A a Norfolk. Da ya dawo ƙarshen Yuli, a wasan farko ya buga hom-ron da mutum uku a kan tasha.

To an yi gaggawa ne a Afrilu, ko kuwa wannan kunyar ce ta nuna masa ramin da Triple-A ba za ta taɓa nuna masa ba? Ni na fi karkata ga na biyu. Mike Trout ma .220 ya buga a wasa 40 a 2011 yana ɗan 19, shekara ta zagayo ba wanda ya kama ƙafarsa.

Mai_Keke_Zinder:
Ni tela ne, ba ruwana da besbol sai abin da ƙanena ke turo mini daga Greensboro, yana zuwa kallon Grasshoppers, ƙaramin kulob ɗin garin. Amma abin da Injiniya ya faɗa na gane shi. Yaro zai shekara biyu yana ɗinka zariyar wando da aljihu ba kuskure. Ranar da ka miƙa masa shaddar mutane ka ce yanka, hannu ya kama rawa. Kuma ba yadda za a yi ya koyi yankan shadda sai a kan shadda. Abin da nake yi, ba na ba shi ana saura kwana uku sallah. Bayan sallah nake ba shi, lokacin da in ya ɓata akwai damar gyara.

Zee_Minneapolis:
Malam tela ya yi bayanin dabarar ƙarshen Agusta bai sani ba. Haka aka yi wa Corbin Carroll da Gunnar Henderson a 2022. Aka kira su a kwanakin ƙarshe na Agusta, suka ɗanɗana wata guda, ba su wuce bugu 130 ko kwana 45 ɗin da ke cire mutum daga sahun sababbi ba. Shekarar 2023 suka fara daga ranar farko, kowanne ya ci kyautar sabon ɗan wasa a lig ɗinsa.

Abu_Lissafi:
To ai wannan ma ƙirgen kwana ne, Zee. Don dai ya yi muku daɗi ne ba ku kira shi maguɗi ba.

Sabo_Fagge:
Na ɗan ɓace. Me ya sa yanzu kuma ake so yaro ya fara daga ranar farko, bayan kun ce asara ce?

Injiniya_Houston:
Doka ta canza a Maris 2022, bayan masu kulob sun rufe ƙofa kwana 99. Abin da ya ƙara hura wutar shi ne katoɓarar Kevin Mather, shugaban Mariners, a Fabrairun 2021. Yana yi wa wata ƙungiyar Rotary jawabi ya saki baki, ya nuna ƙarara cewa ba za su fara ƙirga wa matasansu kwana ba, har ya ambaci Jarred Kelenic da ya ƙi tayin doguwar kwantiragi. Bidiyo ya fita, ya ajiye aiki. Abin da kowa ya sani amma ba a faɗa, shi ya faɗa.

Sabuwar yarjejeniya ta zo da zuma da bulala. Zumar: idan yaro yana cikin ɗari na farko a aƙalla biyu daga jerin Baseball America, ESPN da MLB Pipeline, kulob ya riƙe shi ya cika shekara, sannan ya ci kyautar sabon ɗan wasa, ko ya shiga ukun farko a kyautar gwarzon lig ko ta Cy Young, wato ta gwarzon mai jifa, kafin ya kai shekarun sasanci, ana ƙara wa kulob gurbi ɗaya bayan zagayen farko na zaɓen 'yan wasa. Mariners ɗin dai su suka fara cin wannan da Julio Rodríguez a 2022. Bulalar: duk wanda ya zo na ɗaya ko na biyu a kyautar sababbi, ana rubuta masa cikakkiyar shekara ko yaushe aka kira shi. Adley Rutschman sai 21 ga Mayu 2022 ya fara, ya zo na biyu, aka ba shi shekararsa.

Hajiya_Atlanta:
A yi wa Orioles adalci a kan Rutschman, ya ji ciwo a hannu a share fage. Ba duk jinkiri ne makirci ba.

Pirates_Har_Abada:
Ku bar ni in yi kukana. Paul Skenes. Mun ɗauke shi na ɗaya a 2023 daga jami'ar LSU. Duk wanda ya ga jifansa a share fagen 2024 ya san ba mu da kamarsa. Aka tura shi Triple-A a Indianapolis wai a gina hannunsa a hankali. Sai 11 ga Mayu ya fara. Wata biyu bayan nan shi ya buɗe wasan taurari. Ya ƙare kaka da nasara 11, faɗuwa 3, a duk zagaye tara, wato tsawon wasa guda, ba a cin maki biyu a kansa. Ya ɗauki kyautar sababbi, aka ba shi cikakkiyar shekara. Mu kuma? Ba ƙarin shekara, ba ƙarin gurbi, ga mako shida da muka yi babu shi. Biyu babu, ko in ce uku babu.

Maman_Khalid:
Ɗan'uwa na ji zafinka, amma a kan masu jifa ni ba na tare da ku ko kaɗan. Ɗana yana jifa a sakandare. Bara wani koci ya bar shi ya yi jifa fiye da ɗari ranar Asabar, ya sake sa shi ranar Talata saboda ana neman kofi. Daren nan ina zaune gefen gadonsa da ledar ƙanƙara a gwiwar hannunsa, ko cokali ya kasa ɗagawa, yana ce mini Mama kar ki gaya wa koci, zai cire ni. Wata huɗu bai taɓa ƙwallo ba. Yaro ba zai taɓa cewa ya gaji ba, sai babba ya faɗa masa.

A jami'a sau ɗaya a mako ake jifa, a MLB kusan duk kwana biyar, wata shida. Stephen Strasburg ya zo a Yunin 2010 ya fitar da mutum 14 a wasansa na farko, kan Pirates ɗinku ma. Kafin kaka ta ƙare jijiyar gwiwar hannu ta tsinke, sai tiyata. Skenes ya yi zagaye 133 a sama a 2024, ya dawo 2025 lafiya lau ya ci Cy Young. Wa ya sani ko mako shidan nan da kake kuka a kai su suka tsare maka shi?

Pirates_Har_Abada:
Allah ya ƙara wa Khalid lafiya, Hajiya. Amma ai a Indianapolis ɗin ma jifa yake yi, ba barci ba. Idan harsashin hannu ƙirgagge ne, gara a harba shi inda ake ƙirga nasara. A rage masa zagaye a sama mana.

Zee_Minneapolis:
Wannan ita ce hujjar da ban taɓa jin an amsa ta da kyau ba.

Maman_Khalid:
Amsar ita ce a ƙasa koci zai cire shi a zagaye na uku ba wanda zai zage shi. A sama, mutum dubu talatin na ihu, ana kunnen doki, kocin kansa aikinsa na rawa. Ku faɗa mini wa zai cire shi.

Sabo_Fagge:
Wannan kam mun san shi. Pedri ya buga wasa fiye da 70 a kaka ɗaya yana ɗan 18, Barcelona, gasar Turai, Olamfik, daga nan ya shekara biyu yana jinyar cinya. Amma kuma Lamine Yamal yana 15 aka sa shi, ga shi nan. Sai dai mu a ƙwallon ƙafa ba wanda ke ɓoye yaro don kwana ɗaya, sa shi ake yi da wuri don farashinsa ya tashi.

Abu_Lissafi:
Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba, kuma ita ce ta fi tona asiri. Da zarar yaro ya sa hannu a doguwar kwantiragi, sai ka ji shiru, tsaron gidansa ya gyaru dare ɗaya. Eloy Jiménez, Maris 2019, shekara shida dala miliyan 43, ranar farko yana fili. Jackson Chourio, Disamba 2023, shekara takwas dala miliyan 82 bai taɓa buga ko wasa ɗaya a sama ba, ranar farko yana fili.

DanTasi_Chicago:
Abu, ka dawo layina ke nan. Abin da na faɗa wa dattijon ke nan.

Abu_Lissafi:
Ban dawo ba. Ban taɓa cewa ba kuɗi ba ne, cewa na yi ba laifi ba ne. Kuma kulob ma na ɗaukar kasada. Phillies sun ba Scott Kingery dala miliyan 24 a 2018 kafin ya fara, ba su ga amfaninta ba. Kelenic ɗin da aka yi ta kururuwa an zalunce shi, da aka kira shi a Mayun 2021 sai da ya yi bugu 39 a jere ba ko ɗaya, aka mayar da shi Triple-A a Tacoma. Mather bai iya bakinsa ba, amma ba a nuna cewa yaron ya shirya ba.

Hajiya_Atlanta:
Yaron da ya taso gidan da babu, aka ajiye masa miliyan tamanin a gabansa, ko kuma ya koma hawa bas a ƙananan lig, wannan ba ciniki ba ne tsakanin tsara. Acuña ya karɓi miliyan 100 na shekara takwas a 2019. Juan Soto, da ya fara a shekara ɗaya da shi, ya ƙi duk tayin da aka yi masa ya jira, ya karɓi miliyan 765 daga Mets. Ban ce Acuña ya yi wauta ba, sau biyu gwiwarsa na tsinkewa. Amma ku dubi tazarar.

Baba_Zango_Bronx:
Duk waɗanda kuke lissafawa 'yan gata ne, ana rigima a kan kwana goma sha biyunsu. Ku tuna Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu. Tun 2008 Pirates suka ɗauke shi, sai Afrilun 2017 ya taka babban fili, ɗan Afirka na farko. Ranar na kira abokaina muka kalla tare, bugunsa na farko ya shiga, a kan Jon Lester. Irinsa ba mai ƙirga masa kwana, ba lauya, ba ɗan jarida. Kafin 2023 ɗan Triple-A dala 17,500 ne mafi ƙarancin abin da yake samu a shekara, alhali na sama yana karɓar aƙalla 700,000 a 2022.

Injiniya_Houston:
An ɗaga shi zuwa 35,800 da suka kafa ƙungiya, Baba. Har yanzu dai sama da ƙasa ne. Kuma kar a ɗauka sabuwar doka ta kashe dabarar. Ta fi aiki a kan wanda ake ganin zai ci kyauta. Yaro mai kyau amma ba gwarzo ba, har gobe za a iya riƙe shi zuwa ƙarshen Afrilu, ko ma zuwa Yuni don kar ya faɗa cikin kashi 22 cikin ɗarin da ke samun zuwa gaban mai sasanci shekara ɗaya da wuri.

Zee_Minneapolis:
Padres da Mets sun fara 2019 da Tatis Jr. da Pete Alonso tun babu wata zuma. Alonso ya buga hom-ron 53. Wani lokaci dai kawai a sa wanda ya fi iyawa.

Mai_Keke_Zinder:
To ni har yanzu ban ji wanda ya faɗi yadda ake gane yaro ya isa ba. Kowa sai bayan an yanka shaddar yake cewa ai na sani.

DanTasi_Chicago:
Malam tela, dattijon ya karɓi lambata, ya ce ni zan mayar da shi O'Hare ranar Alhamis. Zan karanta masa maganar Maman Khalid da ta Pirates_Har_Abada in ji wacce zai ɗauka. Abu, in ya goyi bayanka ba zan gaya maka ba.

Abu_Lissafi:
Ka tambaye shi dai ko zai mayar da kofin 2016 a ba Bryant kwanansa ɗaya.